Rini ko banish: Me ya kamata a shafa wa katakon da ke waje?

Katako ya fara dawowa farfajiyar gidajenmu. A shekarun baya in an ce baranda, siminti ake nufi ko tayil, amma yanzu duk wanda ke zagaya sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja zai ga dandamalin katako a gidajen cin abinci da wuraren shaƙatawa, ga kuma rumfunan katako a gidajen masu hali, ban da bencina da ƙofofi da katakon bakin rufi waɗanda dama mun saba da su. Salon dandamalin katako daga ƙasashen Turawa ya zo mana, musamman Amurka da Kanada, inda gidaje da dama suke da irinsa a bayansu, har shagunan kayan gini suka ware masa sashe guda na abubuwan shafawa. Sai dai mun ɗauko salon mun baro ilimin kula da shi a can. Shi ya sa za ka ga dandamalin da aka kashe wa kuɗi masu yawa yana walƙiya ranar da aka gama shi, bayan damina ɗaya ko biyu ka tarar yana saɓa kamar maciji.

Ra'ayina a kan wannan batu, tun kafin in shiga bayani, shi ne babu abin shafawar da zai dawwama a kan katakon da rana ke gasawa, ruwa ke duka, ƙafa kuma ke takawa. Kowanne da ranar ƙarewarsa. Don haka wanda ya cancanci kuɗin mutum shi ne wanda in ya tsufa za a sabunta shi cikin yini guda, ba sai an kankare na farko ba. Kalmar "ƙarko" da masu shago ke yawan ambata tana ɓoye wannan bambanci, kuma bambancin ne ke raba katakon da zai kai wa jikoki da wanda za a fasa a yi girki da shi bayan shekara biyar.

Kimiyyar sinadarai nake koyarwa a jami'a, amma lalurar gida ce ta kai ni ga wannan nazari. Mahaifiyata ta dawo wurina da zama bayan ciwon gwiwa ya matsa mata, ga kuma ciwon suga da take fama da shi. Ba ta son zaman ɗaki. Ta fi son ta zauna a waje da rediyonta, jikoki na kai da komo a gabanta, maƙwabta na leƙowa a gaisa. Simintin ƙofar ɗakinta kuwa da hunturu sanyinsa har cikin ƙashi yake shiga, da bazara kuma yakan riƙe zafi har bayan isha. Na yanke shawarar a yi mata baranda ta katako, mita uku a mita huɗu, daidai da tsayin dokin ƙofa yadda ba sai ta taka matakala ba, rabi a rufe rabi a buɗe. Ga wani, zaɓin abin da za a shafa wa irin wannan wuri maganar ado ce. A wurina kuwa maganar lafiya ce, domin santsi guda a ranar ruwa na iya karya ƙugun tsohuwa, sartse guda kuma a tafin ƙafar mai ciwon suga na iya zama gyambon da zai yi watanni bai warke ba.

Kafintan da na ɗauka dattijo ne da ya haura shekara talatin yana sana'ar. Ranar da muka sayo katako a watan Maris na tambaye shi me za mu shafa.

"Dokta, banish za a zuba masa hannu uku," in ji shi. "Sai ka ga fuskarka a ciki. Duk wanda ya shigo zai tambaye ka wa ya yi aikin."

Na ce, "Baba, ranar da aka gama kenan. Bayan damina fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Bayan damina ai sai ka neme ni."

Maƙwabcina ya ce in bar wahalar da kaina, in aika garejin bakanike a samo baƙin mai, ko gara ba za ta kusanci wurin ba. Mai shagon fenti shi kuma ya ce fentin mai ya fi komai. Tunda katakon ɗanye ne, dole a jera shi a inuwa ya yi watanni yana bushewa, ga shi kuma aikin ɗan albashi a hankali yake tafiya, sai na ga akwai lokacin da za a bari gani ya kori ji. Na roƙi Baba ya yanko mini guntaye biyar daga katako guda. Na shafa wa ɗaya banish, ɗaya fentin mai, ɗaya mai marar launi wanda ke shiga jikin ice, ɗaya rinin katako na waje mai launin ƙasa-ƙasa, na biyar na bar shi tsirara. Na ɗaure su a kwance a kan rufin ɗakin ajiya tun daga Afrilu har ƙarshen Oktoba, wato suka sha zafin bazara da damina ɗungurungum.

Kafin in faɗi abin da muka sauko da shi, ya kamata mai karatu ya san abubuwan da ke cin katako a waje, domin wanda bai san cuta ba ba zai iya zaɓar magani ba.

Na farko rana ce. A jikin kowane ice akwai wani sinadari da ake kira liginin, wanda ya kai kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin busasshen ice, shi ne kamar ƙaron da ke riƙe zaruruwan icen wuri guda. A cikin hasken rana kuma akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet, shi ke farfasa wannan ƙaro a fatar katakon. Da ruwa ya sauka sai ya wanke abin da ya farfashe, a bar zaruruwa a sake. Wannan ne ya sa tsohon benci ke komawa ruwan toka, fuskarsa ta yi kaushi, ya fara tayar da sartse.

Na biyu ruwa ne, kuma a nan yanayinmu ya fi na Turawa tsanani ta wata fuska. Katako ko bayan an sare shi bai daina shan danshin iska da fitar da shi ba. Da hunturu a Kano danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a lokacin ruwan da ke jikin katako bai wuce kashi 4 ko 5 na nauyinsa ba. A watan Agusta danshin kan kai kashi 80, ruwan jikin katako ya hau zuwa wajen kashi 16, ko da ɗigo ɗaya bai taɓa shi ba. Duk hawa kumburi ne, duk sauka tsukewa ce, kuma ta faɗi yake motsawa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Katako mai faɗin santimita 15 na iya ƙaruwa ya ragu da milimita 3 ko 4 tsakanin hunturu da damina, gwargwadon irin icen. Kowa ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa a Agusta ta koma tana girgiza a Janairu. Duk abin da aka shafa a saman katako dole ya jure wannan miƙewa da tsukewa kowace shekara.

Na uku su ne masu rai, wato funfuna da gara da ƙwari masu huda ice. Funfunar da ke ruɓar da katako ba ta iya aiki sai ruwan jikinsa ya wuce kimanin kashi 20 ya kuma daɗe a haka. Katakon da ke jiƙewa ya bushe da wuri yana iya shekaru bai ruɓe ba. Wanda ruwa ya maƙale a cikinsa shi ke tafiya.

In an fahimci wannan, gwangwanayen da suka cika shago za su rabu gida biyu kacal. Akwai masu zama a saman katako su yi masa fata, su ne fenti da banish da danginsu. Akwai kuma masu nutsewa cikin jikinsa ba su bar fata ba, su ne mayukan katako da abin da na kira rini. Na zaɓi kalmar rini da gangan, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san baba cikin zare yake shiga, shi ya sa rinannen zane in ya tsufa koɗewa yake yi a hankali, alhali rubutun da aka liƙa a gaban riga tsagewa yake yi yana ɓanɓarewa.

Haka muka tarar a kan rufin. Guntun banish, wanda ya fi kowanne kyau ranar farko, shi ya fi kowanne muni. Banish garai yake kamar gilashi, saboda haka hasken rana ratsa shi yake yi ya cinye fatar icen da yake manne da ita, sai ya rasa abin kamawa. Ya yi fari-fari, ya tsattsage, kuma kamar yadda Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsagar ya shige, fatar banish ta hana shi fita, ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin. Fentin mai ya riƙe launinsa, amma ya fara ɗagawa ta bakin yanka, in ka sa farce sai ya biyo ka. Mai marar launi bai tsage ba bai ɗaga ba, sai dai katakon ya koma ruwan toka kusan kamar wanda ba a shafa wa komai ba. Na rini ya dusashe, ƙyallinsa ya tafi, amma babu tsaga babu ɓawo, kuma da na yayyafa masa ruwa sai ɗigon ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Baba ya juya guntayen a hannunsa, ya daɗe yana duban na banish, sannan ya ce, "Wannan in za a gyara shi sai an kankare shi tas da samfefa. Wancan kuwa wankewa kawai za a yi a ƙara masa hannu ɗaya." Da bakinsa ya faɗi abin da nake son in gani.

Abin da guntaye biyar suka nuna a kan rufin gidana, masu binciken katako sun daɗe da tabbatar da shi. A birnin Madison na jihar Wiskonsin a Amurka akwai cibiyar gwamnati ta binciken kayan daji da aka kafa tun 1910, kuma shawararta game da dandamalin da ake takawa ita ce a yi amfani da masu nutsewa, a guji masu yin fata. Dalilin a fili yake. Bango a tsaye yake, ruwa na zuba ya gangare. Dandamali a kwance yake, ruwa na kwana a kansa, rana na dukansa kai tsaye da tsakar rana, takalmi da ƙafar kujera suna gurzarsa.

A cikin masu nutsewar ma akwai zaɓi, kuma launi ne ma'auninsa. Ƙwayoyin launin da ke cikin rini su ne garkuwar da ke tare hasken rana, mafi yawansu kuma daga tsatsar ƙarfe ake yin su, wato sinadarin nan da ya sa jar ƙasarmu ta zama ja. Wanda ba shi da launi ko kaɗan yana korar ruwa amma ba ya tare rana, da wuya ya wuce shekara guda. Mai launi tsaka-tsaki, wanda ake iya hango zanen icen ta ƙarƙashinsa, yakan kai shekara biyu zuwa uku a ƙasashe masu sanyi, a ƙarƙashin ranarmu kuwa gara mutum ya sa ran ƙasa da haka a ɓangaren da ba rufi. Mai kauri da ke rufe zanen ice gaba ɗaya ya fi tare rana, amma ya kusa zama fenti, don haka a kan abin da ake takawa shi ma ɓanɓarewa yake yi. Ni tsaka-tsakin na ɗauka, mai launin ƙasa-ƙasa. Na guji mai duhu sosai saboda baƙin abu zafi yake tarawa, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, katako mai duhu na iya ƙona tafin ƙafa, musamman ƙafar mai ciwon suga wadda sau da yawa ba ta jin zafi da wuri.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Yawancin ƙananan gwangwanayen da kafintoci ke canza launin kujeru da gadaje da su na cikin ɗaki ne. Launi ne kawai da aka narkar, babu mai a ciki, babu abin korar ruwa, rana kuma cikin makonni take cinye shi. Sunansu a shago ɗaya ne da na waje. Sai mutum ya karanta jikin gwangwani ya tabbatar an rubuta na waje ne, yana nutsewa, yana korar ruwa, kuma akwai maganin funfuna a ciki. In mai shago ya ce duk ɗaya ne, a nemi ya buɗe a shafa a guntun katako. Na gaskiya zai nutse ya bar katakon da kamannin jiƙaƙƙen ice, ba zai taru a sama yana sheƙi ba.

Shawarar maƙwabcina ta baƙin mai tana da magoya baya da yawa, kuma ba zan ce ba ta korar ruwa da ƙwari ba. Amma man da ya gama zagaya cikin inji ya kwaso ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙonewa, waɗanda daga cikinsu akwai masu haddasa cutar daji in suka daɗe suna taɓa fata. Ba ya bushewa, da rana ta yi zafi sai ya tsattsafo ya ɓata tufafi da tabarma, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa ƙasa, wataƙila kusa da rijiya. A wurin da jariri ke rarrafe yana sa hannu a baki, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Haka nan tsofaffin katakan layin dogo da turakun lantarki da wasu ke saye saboda ƙarkonsu: da yawansu an jiƙa su da wani baƙin mai na kwal da ake kira kiriyosot, wanda Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'ar gari tun 2003. A ƙarshen wannan shekara ta 2003 kuma Amurka ta daina amfani da katakon da aka dafa da haɗin da ke ɗauke da gubar arsenik a gidaje da filayen wasan yara. Irin waɗannan katakai ba na zama ba ne, ba kuma na hura wutar girki ba. Man gyaɗa da manja da man kaɗe su kuma ba sa daskarewa a jikin ice, sai dai su yi ɗoyi su tara ƙura su gayyato tururuwa. Mayukan da ke bushewa su taurare a cikin katako daban suke, irin su man linsid da man tung, kuma su ne ginshiƙin yawancin rinin mai.

Wani zai ce ai abin da za a riƙa maimaitawa duk bayan shekara ɗaya ko biyu ba shi da sunan ƙarko. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A ƙasar Norwe akwai majami'un katako 28 da suka rage tun daga tsakiyar zamani, ɗaya daga cikinsu, ta Urnes, an gina ta wajajen shekarar 1130. Abin da ya riƙe su shi ne kwaltar itacen fain da ake sake shafa musu lokaci bayan lokaci, zuriya bayan zuriya. A Suwidin, jan launin da ya cika gidajen katako na karkara daga tarkacen ma'adinin tagulla na garin Falun ake samo shi tun ƙarni na 16, a dafa shi da ruwa da garin hatsi. Ba ya toshe numfashin katako, in ya tsufa gari yake zama, a goge da burushi a ƙara wani. Mu ma muna da namu. Iyayenmu mata suna yayyafa wa daɓe ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ya nutse ya taurara ƙasar, kuma ba wanda ya taɓa cewa sau ɗaya ake yi a rayuwa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake ta a 1844, itatuwan da suka fito a jikinta matakala ce ta masu yaɓe. Maginan sun san za a dawo gyara, sai suka bar wa masu gyaran wurin taka ƙafa tun ranar gini.

Ya kamata kuma a faɗi iyakar abin da rini zai iya. Ba ya mai da mugun katako nagari, kuma ba maganin gara ba ne. Farin katako marar nauyi irin obece na silin da cikin ɗaki ne, a waje ko me aka shafa masa ba zai daɗe ba. Iroko da tik suna da juriya ta halitta, haka ma kirya da kawo a cikin itatuwanmu. Ko a cikin waɗannan, tsakiyar icen mai duhu ce ke da juriya, farin gefen da ke bin ɓawo abincin ƙwari ne, don haka a tsaya a zaɓa da ido a kasuwa. Iroko na saya. Mun ɗora ginin a kan dungayen kankare yadda babu katakon da ya taɓa ƙasa kuma iska na wucewa ta ƙarƙashi, mun bar tazarar kimanin milimita 5 tsakanin katako da katako don ruwa ya sami hanya, an kuma shafa maganin gara na katako a ƙasan kowanne kafin a buga ƙusa. Bakin yanka, wato inda zarto ya ratsa, yana zuƙar ruwa ninki goma ko fiye da haka a kan fuskar katako, saboda nan ne bakin jijiyoyin icen. Nan muka fi shayar da rini, har sai da ya daina sha.

Lokacin shafawa ma yana da muhimmanci a yanayinmu. Da damina katako a jiƙe yake, ba zai sha ba. In hunturu ya kankama ƙura ce za ta manne a kan ɗanyen shafi. Tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba ya fi dacewa, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya yi ƙarfi. A gwada da ɗigon ruwa: in ya nutse cikin 'yan mintuna katakon a shirye yake, in ya tsaya a sama a dakata. A yi aikin da sanyin safiya ko da la'asar, domin a kan katako mai zafi rini bushewa yake yi kafin ya shiga. A bi katako ɗaya daga farko har ƙarshe kafin a koma na gaba, bayan kamar minti 20 kuma a goge duk abin da bai nutse ba da tsumma. Wanda ya ga kamar asara ce ya bar shi a sama, ya mai da rininsa banish da hannunsa.

Tsumman nan kuwa kada a dunƙule shi a jefa a kwali. Man linsid yana fitar da zafi yayin da yake bushewa, in tsummokaran suka taru wuri guda zafin na iya kai su ga kamawa da wuta ba tare da ashana ba. A watan Fabrairun 1991 irin waɗannan tsummokara da ma'aikata suka bari suka tayar da gobara a wani bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka, 'yan kwana-kwana uku suka rasa rayukansu. A shanya su ɗaya-ɗaya a fili har su bushe, ko a nutsar da su a bokitin ruwa.

Ban ga laifin Baba ba da ya fara kawo shawarar banish. Kafinta ranar miƙa aiki ake yi masa hukunci, kuma mu masu ba da aiki mu ne muke tsayawa muna neman ƙyalli kafin mu cika kuɗi. Banish da fenti ma suna da muhallinsu: teburi da kabad na cikin ɗaki, ko ƙofa da taga da ke tsaye a ƙarƙashin inuwar rufi. Amma ina ganin wannan ɗabi'a tamu ta auna aiki da ranar farko ita ce ke cinye dukiyar jama'a a wurare da yawa. Na sha ganin bencinan da aka jera wa ɗalibai a ƙarƙashin bishiyoyi suna sheƙi ranar ƙaddamarwa, bayan shekara uku a tara su a bayan ɗakin ajiya, a sake ba da kwangilar sababbi. Kuɗin sayen sabo yana da gurbi a kasafi, amma gwangwani biyu da burushi da ladan yini guda sun rasa mai sa hannu. Icen kuma ba jiranmu yake yi ba. Madobiya da kakanninmu suka sani a dazuzzukanmu an kwashe ta zuwa ƙasar Sin har sai da aka shigar da ita, daga 2017, cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Iroko kafin ya isa yanka sai ya shekara gommai. Katakon da aka bari ya lalace cikin shekara biyar, wani icen za a sare a maye gurbinsa.

Saboda haka ga mai shirin yin baranda ko rumfa ko ma benci guda a ƙofar gida, in ya je shago kada ya tsaya a kan tambayar shekara nawa abin zai yi, domin amsar da zai samu ta mai neman ciniki ce. Ya tambaya: in ya tsufa koɗewa zai yi ko ɓanɓarewa? In zan sabunta, wankewa zan yi ko kankarewa? Kuma shekara biyu masu zuwa zan sami irinsa a kasuwa? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin na mai da na ruwa ba kullum suke hawa kan juna ba, gara mutum ya riƙe iri guda ya kuma rubuta sunansa ya ajiye.

Barandar Hajiya ta ga damina biyu yanzu. Ɓangaren da ke ƙarƙashin rufi har yau bai nemi komai ba. Ɓangaren da ke fili ya koɗe, ɗigon ruwa ya fara nutsewa, don haka a Nuwamban da ya wuce muka wanke shi da sabulu da burushi ranar Juma'a da yamma, muka bar shi ya bushe, ranar Lahadi da safe ni da 'ya'yana biyu muka ƙara masa hannu ɗaya kafin rana ta take. Na sa babban ya rubuta kwanan watan a murfin gwangwanin, domin aikin zai daɗe yana dawowa, kuma wata rana shi zai riƙa tunawa da shi.